Neman shawara: kuɗin hutar da gona bai shigo ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 14 ke nan ina aikin jinya a jihar Iowa ta Amurka, kuma da yake na tashi ina bin mahaifina gona, bara na kwashe abin da na tara na sayi eka 40 a wata gundumar karkara, duk da maiɗakina ta fi son mu sayi gida kusa da makarantar yara, har sai da yayanta ya sa baki. Eka 25 suna cikin shirin CRP, wanda gwamnatin tarayya ke biyan mai gona haya duk shekara domin ya bar ƙasa mai zaizayewa ta huta da ciyawa. A watan Yuni na tarar ciyawar ta kai ƙugu, ƙaya ta cinye gefen shinge, sai na ari tarakta na yanke. Oktoba ta wuce kuɗi bai shigo ba, sai wasiƙa daga ofishin gunduma mai kula da shirin. Ban je ba tukuna, kuma barci ya ƙaurace mini.

Dattijon zaure: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi kuskure biyu. A Iowa, daga 15 ga Mayu zuwa 1 ga Agusta lokacin sheƙar tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa ne, ba a taɓa ciyawar sai da izini, ko da ƙaya za a kashe. Babba kuwa shi ne: ka sa hannu ka gaji yarjejeniyar CRP da tsohon mai gonar ya ƙulla da gwamnati cikin kwana 60 bayan ciniki? Idan ba ka sa ba, kuɗin ba naka ba ne, kuma wanda ya sayar maka za a bi ya mayar da abin da ya karɓa.

Wata 'yar'uwa: Allah ya kawo mafita. Maigidana ya taɓa shuka ciyawar da jami'an shirin suka ce, aka yi alkawarin mayar masa da rabin kuɗin iri, ya yi ta zarya da rasit wata da watanni. Ni a ganina, ƙanena, ka fita daga shirin ka shuka masara ka huta.

Dattijon zaure: Hajiya, kada ki jefa shi rami. Yarjejeniyar ta shekara 10 zuwa 15 ce, wanda ya warware ta zai mayar da kuɗin da aka biya tare da ruwa, ga tara a kai. Ya je ofis gobe da wasiƙar.

Wani ɗan'uwa: Ni ban yarda ya je shi kaɗai ba, domin duk abin da ya furta za a rubuta. Ya fara ganin lauya.

Mai tambaya: Na gode, amma Alhaji, ba ganganci na yi ba. Maƙwabcina ne ya yi ƙorafin ƙayar na tsallakawa gonarsa ta waken suya, kuma inda na taso, barin gona ta zama daji abin kunya ne. Takardu kuwa na sa hannu a kan masu yawa ranar ciniki.

Dattijon zaure: Takardun ciniki daban, ta gadon yarjejeniya daban. Wacce ka sa wa hannu, kuma me wasiƙar ta ce?

Mai tambaya: Tana cikin mota, zan duba idan na tashi daga aiki. Amma har yanzu ban ga laifin yanke ƙaya ba.