Shawarwarin matafiya kan hawan jirgin ƙasa zuwa Abuja

A zaman da wasu 'yan kasuwar Katsina suka yi bayan sallar la'asar, mafi yawansu sun yarda cewa wanda zai je Abuja gara ya bi mota zuwa Kaduna, ya hau jirgin ƙasa a tashar Rigasa, domin tun 2016 da aka buɗe layin, mai tsawon kilomita 186, ya rage wa jama'a gajiyar hanya.

Sun fi jaddada maganar tikiti: a saya da wuri ta intanet, sunan da ke jikinsa kuma ya dace da na katin shaida, kada a dogara ga masu sayarwa a bayan fage. Wani dattijo ya ce a isa tasha da alwala da jaka ɗaya mara nauyi, domin jirgi ba ya jiran kowa. Wanda masaukinsa a Abuja ke wajen unguwar Kubwa ya sauka a tashar Kubwa, kada ya wuce zuwa Idu, tasha ta ƙarshe.

Game da layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, na fi gamsuwa da shawarar a soma faɗakar da makiyaya da yara tun yanzu, saboda jirgi mai gudu yakan yi tafiya mai nisa bayan an taka birki kafin ya tsaya.