Musayar baituka kan Na'im Sulaimanoglu, gajere mai ɗaga ƙarfe, zakaran wasannin Olamfik

Bakano:
Na'im na Turkiyya nake wa waƙa,
Gajere mai ɗaga ƙarfe ya miƙa,
Nauyinsa kilo 60 babu shakka,
Ya ɗau 190 a Seoul, ya tsaya.

Bazazzagi:
Bakano ya fara da lissafin awo,
Kamar yana Kurmi an ce ya sayo,
Ka faɗi dalilin da ya sa ya baro
Ƙasar haihuwarsa, Bulgeriya.

Hukuma ta soke sunan iyaye,
Ta sa masa Naum, ta ƙi ta janye,
A Melbourne ya sulale a ɓoye,
A 1986, ya nufi Turkiyya.

'Yar Damagaram:
Malam Bakano, ɗangonka na huɗu ya fi 'yan'uwansa tsawo, domin duk wanda ya rera "ɗari da casa'in" zai ji karin ya karye a bakinsa. Baitin Malam Bazazzagi na biyu shi ne ya taɓa ni, saboda raba Turkawan Bulgeriya da sunayensu shi ne tushen labarin.

Bakano:
Hajiya, karin bai karye ba, a hankali ake rera shi, kuma ba zan rage wa gwarzo kilo ɗaya don ɗango ya daidaita ba.

Bazazzagi, kai ka riƙe labari,
Ni kam ƙarfe nake wa kirari,
Atlanta ta ga karo mai tsari,
Da Leonidis na Girka, gaban duniya.

Zinare uku a jere ya ɗauka,
Seoul, Barcelona, Atlanta duka,
Kilo biyu da rabi, ka riƙe a ranka,
Su suka mai da Bagirke baya.

Bazazzagi:
Ka tsallake Sydney don babu daɗi,
Sau uku 145 ta ƙi, ya faɗi,
Masoyin mutum ke faɗin gaskiya.

'Yar Damagaram:
Malam Bazazzagi, da ƙwar huɗu muka fara, ga shi ka kawo ƙwar uku, sai ka biyo mu da ɗangon da ya rage.

Ba'adare:
Na iso a makare, ku gafarce ni.

Ciwon hanta ne ajalinsa,
A 2017, 50 shekarunsa,
Leonidis da ya kara da shi da kansa
Ya zo Istanbul rakiya.

Bakano:
Malam Ba'adare, baitinka ya zauna, kuma har yanzu muna jiran ɗangon Zazzau.