Birki ya tafi ƙasa a zagaye na biyar, in sayi babba ko in bar na kamfani?

Sadiq_86
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan halin su taimaka min da shawara. Motata Toyota GT86 ce ta 2013, inji ba a taɓa shi ba, tayoyi da rim kawai na canja. Bara na fara shiga filin tsere, zuwana huɗu ke nan, to wannan na ƙarshen ne ya ba ni tsoro. Zagaye na biyar, ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya, ina taka birki sai feda ta yi laushi kamar soso ta tafi kusan ƙasa, sai da na yi mata famfo sau biyu kafin ta kama, Allah ya sa akwai fili gaban kwanar. Na fito na huta kamar minti ashirin ta ɗan dawo amma har yau ba kamar da ba.

Yanzu an yi min tayin babban birki na gaba, kalifa (abin da ke matse fad a jikin faranti) mai fistin shida da faranti milimita 355, nawa na kamfani 294 ne. Matsalar mai sayarwa ya ce ba zai shiga rim ɗina mai inci 17 ba sai na koma 18, kuma rim ɗin nan da gangan na nemo marasa nauyi, na sha wuya kafin na same su. Abin da ke damuna nauyin da zan ƙara a ƙasan sifirin ne, wato a ƙafafun motar, motar ba ƙarfi gare ta ba, doki 200 ne kacal, duk daɗinta a kwana yake. Kuma da ita nake zuwa aiki kullum. Saura sati uku ranar fili ta gaba. In saya ko in haƙura?

Ɗan Autan Gareji
Saya kawai oga. Jan kalifa a bayan rim ko a fake motar take gani za a yi kamar gudu take 😂

Kabiru Turbo
Ka sa faranti mai huda-huda da tiyon birki na waya shikenan, ni haka na yi wa tawa kuma tun daga lokacin ban ƙara jin komai ba. Iska na shiga ta hudojin yana hucewa.

Injiniya Nura
Wa alaikumus salam Sadiq. Kafin maganar saye, yaushe rabonka da canja man birki? Don abin da ka faɗa alamar tafasar mai ce ba ƙanƙantar kalifa ba. Mutuwar birki iri biyu ce. In fad ne ya yi zafi fiye da ƙima, feda tana nan da taurinta, kana dannawa da ƙarfi amma mota ta ƙi rage gudu, ga wari. In kuwa mai ne ya tafasa, tururi ya taru a cikin layi, shi tururi matsuwa yake ba kamar ruwa ba, sai feda ta nutse. Naka na biyun ne.

Man DOT 4 sabo dal mafi ƙarancin inda zai tafasa digiri 230 ne, amma yana zuƙar danshi daga iska, in ya sha ruwa ma'aunin ya sauko 155. DOT 5.1 kuma 260 sabo, 180 in ya jiƙa. Na tsere irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF suna haura 300 in sababbi ne. Kar dai ka yi kuskuren DOT 5 zalla, wannan na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran.

Ka duba lissafin nan, motarka da kai a ciki wajen kilo 1300 da ɗoriya, ka sauko daga gudun kilomita 180 a awa zuwa 70, zafin da birki zai haɗiye ya isa ya kai lita huɗu na ruwa ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙu, kuma mafi yawansa gaba yake tafiya. Ka maimaita wannan kowane zagaye. Malam Kabiru, faranti mai huda a fili tsagewa yake daga bakin ramukan, mai layi-layi ko shafaffe ya fi.

Kabiru Turbo
Nawa bai tsage ba.

Maman Hanif
Don a titi kake tuƙa shi Kabiru 😅 sau nawa ka kai shi fili?

Baffa Isa
Sadiq ɗana ka tsaya ka ji nawa kafin ka miƙa kuɗinka. Shekara uku da suka wuce ni ma haka aka yi min tayi, fistin shida, fenti sai sheƙi, suna babba a jiki, kuɗinsa bai kai rabin wanda na sani ba, mai sayarwa ya rantse min daga wata mota da ta yi haɗari aka ciro shi. Na saya na ƙara da rim manya don dole. Ranar farko ma a titi na ji feda ta yi tsawo, sai ka taka nisa kafin ta kama, na koma wajensa ya ce iska ce, muka cire iska sau uku ba ta canja ba. Ashe fistocin sun fi ƙarfin mastan motar, wato famfon da feda ke dannawa, man da yake turawa bai isa ya cika su da wuri ba, kuma duk ƙarfin birki ya koma gaba, bayan mota kamar ba ya aiki, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, sai shigowa yake tun ban danna sosai ba, tsayuwar ma ta fi ta da nisa wallahi.

Na daure na shiga fili da shi haka. Zagaye na uku kalifar hagu ta fara yoyo ta bakin roba, mai ya zuba kan faranti mai zafi, hayaƙi, ina takawa mota ta fizge dama, na sha katangar tayoyi da gefen gaba. Ba abin da ya same ni sai wuya da ya yi sati biyu ba ya juyawa, amma bamba, fitila, lagireto, hannun taya duk sun tafi. Da muka kwance kalifar muka ga jabu ce, sunan ma fenti ne kawai, ba lambar komai a jiki, robobin ciki na banza ne sun narke. Mutumin ya daina ɗaukar wayata, da na same shi ido da ido ya ce ai shi bai ce in je in yi tsere da shi ba. Inshora kuma suka nuna min layin da ya ce ba ruwansu da abin da ya faru a filin tsere, wanda ban taɓa karantawa ba. Motar ta yi wata bakwai a gareji. Uwargida har yau in na ɗauki hular kwano sai ta tambaye ni ko wasiyya na rubuta.

Ɗan Autan Gareji
Innalillahi, Baffa sannu. Amma maganar wasiyyar nan ta kashe ni 😭😂

Usman_RS
Allah ya tsare gaba Baffa. Shi ya sa ni na gaske na saya, na AP Racing, daga dila mai takarda. Duka da ɗaurawa bai wuce kuɗin tayoyi saiti biyu ba, shekara biyu yanzu ko gezau.

Kabiru Turbo
Saiti biyu?? Haba Usman, wace irin taya kake sawa, ta jirgin sama? Wanda na tambaya ya kai saiti biyar ban da rim.

Usman_RS
Nawa mai fistin huɗu ne faranti 330, kai ƙila na shida ka tambaya

Malam Habu Bakanike
Duk ku biyun ba ku lissafa abin da ke biyo baya ba. Kuɗin ranar saye ba shi ne kuɗi ba, zoben faranti na ci, fad na ci, in na babban ne kowane canji sai ka ji a jikinka.

Usman_RS
Akasin haka na gani Malam Habu, fad ɗin babbar kalifa ya fi kauri kuma ba ya ƙonewa da wuri, da duk fita biyu nake canjawa yanzu sai na yi biyar.

Sadiq_86
Baffa sannu, gaskiya jikina ya yi sanyi don nawa ma mai sayarwa cewa ya yi daga wata mota aka ciro, kuma kuɗin kusan rabin na sabo ne. Injiniya man birki tunda na sayi motar shekara uku ban canja ba, ƙari kawai ake yi min 🙈 Amma har yanzu ba wanda ya taɓo min maganar nauyi.

Baffa Isa
Rabin kuɗi, an ciro daga wata mota. Kalma ɗaya ba a canja ba. Ka ce ya ba ka lambar da ke jikin kalifar ka tura wa kamfanin, in ya fara kame-kame ka gudu.

Maman Hanif
Bari in taɓo maka nauyin ƙanina, tunda ni mota irin taka nake kaiwa fili shekara biyar. Duk abin da sifirin bai ɗauka ba, rim, taya, faranti, kalifa, boris da gidansa, shi ne yake tsalle sama da ƙasa in ka hau gargada ko dakalin kwana, sifirin da shokozoba ne ke fama su maido shi ƙasa. In ya yi nauyi taya na daɗewa ba ta manne da kwalta ba, a tsakiyar kwana kuwa nan ne za ka ji gaba yana zamewa. Faranti da rim kuma laifinsu biyu ne don juyawa suke, inji sai ya juya su birki sai ya tsayar da su, kuma nauyin da ke can bakin da'ira ya fi wahalarwa. Kalifa ita ba ta juyawa.

Na taɓa aron rim 18 na wani na ɗora a sikeli da tayarsa, kowace ƙafa ta fi tawa da kilo biyu da wani abu, na yi yini ɗaya da su na mayar masa, sitiyari ya yi nauyi motar ta zama wata iri a kan dakali. Amma gaskiya ba kowane babban birki ke ƙara nauyi ba, kalifar alminiyam sau da yawa ta fi ta kamfani ta zubin ƙarfe sauƙi, faranti mai gida biyu, wato tsakiya alminiyam zobe ƙarfe, shi ma yana rage wani abu. Naka matsalar rim ɗin ne. Ni abin da na yi, man tsere ina canjawa kafin kowace kakar tsere, fad Ferodo DS2500 don da ita nake kai yara makaranta, sai tiyon iska daga bamba zuwa tsakiyar faranti. Minti ashirin nake yi a jere feda ba ta motsi. Kuma ka sani taya ce ke tsayar da mota, in birkinka na iya tada ABS to babba ba zai rage maka ko taku ɗaya ba a tsayuwar farko, amfaninsa ɗaukar zafi ne kawai.

Kabiru Turbo
Ni dai abin da ban gane ba, Injiniya da ko sau ɗaya bai taɓa shiga fili ba shi ne ke ba mu darasi da lita huɗu na ruwa, shayi za mu dafa?

Injiniya Nura
Ban taɓa ɓoyewa ba Malam Kabiru. Amma man birki ba ya tambayar wa ke tuƙi kafin ya tafasa.

Malam Habu Bakanike
Shekara ashirin da biyu ina kwance birki, ku masu tuƙi mota ɗaya kuka sani, ni ɗaruruwa suka bi ta hannuna. Maganar Injiniya daidai ce, ta Hajiya ma haka, amma DS2500 in yaron nan ya ƙara gwanancewa zai fi ƙarfinsa, sai ya koma fad na fili zalla, shi kuma da safe da sanyi ba ya kamawa sosai ga ƙara kamar tsohuwar tirela ga ƙura.

Usman_RS
To ai shi ya sa na ce a yi babban tun farko a huta, ana ta faci-faci ƙarshe kuɗin ɗaya ne

Alhaji Garba
Yara kuna ta gardama kan abin da aka daɗe da sani. Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953 da birkin faranti lokacin sauran na fama da birkin ganga. Da suka zo yin E-Type sai suka ɗauke birkin baya daga jikin taya suka kai shi ciki kusa da difa, Citroën ma ta yi haka da na gaba a DS, duk don a rage nauyin ƙasan sifirin. Sai dai ranar canja fad bakanike zai yi ta Allah ya isa.

Ɗan Autan Gareji
Alhaji ya buɗe kundin tarihi, a tashi a ba shi kujera 🙌 Sadiq ka sa na kabon-siramik irin na Porsche mai ruwan ɗorawa, rabin nauyin ƙarfe ne, sai ka sayar da motar ka biya ka riƙa zagaya fili a ƙafa

Maman Hanif
Masu Porsche ɗin ma da yawa cire shi suke su adana su sa na ƙarfe in za su fili, saboda tsadar canji.

Sadiq_86
Na gode sosai. To in na canja mai da fad na sa tiyon iska, farantin kamfanin zai ɗauka ko shi ma in nemi mai gida biyu daidai girmansa? Don yanzu ma in na taka a titi sitiyari na ɗan rawa, ina jin ya lanƙwashe.

Malam Habu Bakanike
Ba lallai lanƙwasa ba ce, yawanci fad ne ya bar shafe a wuri ɗaya. In ka fito daga fili da zafi ka tsaya ƙafarka na kan feda, hoton fad ɗin zai zauna a jikin faranti. Ka riƙa yin zagaye ɗaya a hankali kafin ka fito, in ka faka kar ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya. Ko kuma masu ɗaure taya ne suka yi maka aika-aika da bindigar iska.

Baffa Isa
Yauwa!! Bindigar iskan nan. Ni an taɓa tsinke min ƙusoshin ɗaure taya biyu a ƙafa ɗaya, yaron ya dube ni ya ce dama sun gaji. Motar da zan shiga fili da ita washegari.

Usman_RS
Ni har sifanar awo nake zuwa da ita, in ce a kan Nm 120 ake ɗaure noti, su karɓa su ajiye a gefe su ci gaba da tatatata, in sun gama sai su ɗora sifanar ta yi ƙas su ce ka ji ko, ya kai. Ina zai ƙi kaiwa an riga an wuce shi ninki biyu

Malam Habu Bakanike
Kar a yi mana kuɗin goro don Allah, ba duka muke haka ba. Ku ma masu mota ku ne za ku tsaya a kan mutum kuna duba agogo kuna a yi sauri.

Kabiru Turbo
Ni tawa da bututu suka ɗaure, yaron har hawa ya yi yana tsalle a kai. Na yi faci a hanya da dare na kasa kwancewa sai da na kwana a mota.

Ɗan Autan Gareji
Kabiru ashe kai ma kana da labarin da ba huda-huda a ciki 😂

Baffa Isa
Malam Habu ba da kai nake ba, amma ka faɗa min tsakani da Allah, a garejinka yaranka da me suke ɗaure taya in ba ka nan?