Tara agogo da wuƙar aljihu: sha'awa ce kawai, ko jari ne?

Sadiq_Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina so in fara tara agogunan hannu da ƙananan wuƙaƙen nan masu naɗewa. Ina Abuja, abin da zan iya warewa bai wuce naira dubu 400 ba. Da me zan fara? Kuma da gaske ne in an ajiye su kuɗinsu na ƙaruwa?

Malam_Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq, maganar riba ka jingine ta tukuna. Yawancin agogo, kana fita da shi daga shago kuɗinsa ya faɗi. Masu tashi 'yan kaɗan ne, irin su Rolex Submariner, ko wanda kamfani ya daina yi, kamar Seiko SKX007 da aka dakatar a 2019. Su ma manyan ba tabbas: farashin Rolex ɗin da aka taɓa amfani da shi ya kai ƙarshen tsada a farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka.

Da kuɗinka, fara da Seiko 5. Juya bayansa ka karanta lambar inji. In 7S26 ne, ba a wana shi, motsin hannunka ke tafiyar da shi, in ka cire shi kamar awa 40 sai ya tsaya. In 4R36 ne, ana wanawa, kuma da ka ja ɗan maɓallin saiti da ke gefe, hannun daƙiƙa zai tsaya ka daidaita lokaci.

A gwanjo ka yi hattara da tsofaffin Seiko masu fuska kala-kala da ake sake wa fenti a Indiya. Injin na iya zama na gaske, amma fuskar ba ta kamfani ba ce, masana ba sa ko tayawa. Duba ƙananan rubutun da ke ƙasan fuska wajen ƙarfe 6, lambar injin ta zo daidai da ta baya. Kada ka bari a goge masa jiki don ya yi ƙyalli, ƙarfen ake ci. Kwali, rasit da katin garanti kuwa, ka adana su kamar takardar fili.

MaiGyara_Wuse:
Abin da ya fi kashe agogo a nan alwala ce. Wanda aka rubuta wa 30M fantsamar ruwa kawai yake jurewa, robar da ke tare ruwa kuma tana bushewa da shekaru. Ka ga hazo a cikin gilas, a buɗe a busar a ranar, in ba haka ba tsatsa ta kama inji.

Mai batir in za a ajiye shi, a cire batirin, don in ya mutu yana yoyo ya ci wayoyin ciki. Mai inji kuma kada a kwantar da shi kan lasifika. Maganaɗisu na manne siririn sifirin da ke ciki, sai agogo ya riƙa gudu. Kada a canza kwanan wata tsakanin 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran injin da ke juya kwanan wata sun riga sun kama, suna iya karyewa. Wanki da sabon mai, duk bayan kamar shekara 5.

Ɗan_Tudu_Jos:
Wuƙa ta fi sauƙin kuɗi. Victorinox ta Suwizalan, tun 1884 suke yi, a gindin babban kaifin akwai tambarinsu, jabu kuma ba ya rufuwa da ƙarfi. Masu sunan Wenger sun fi dacewa da ajiya, tunda Victorinox ta sayi kamfanin a 2005 kuma daga baya aka daina buga sunan a kan wuƙa. Opinel ta Faransa, lamba 8, wadda aka rubuta wa Carbone tana kaifi sosai amma tana tsatsa, ƙotar itacen kuma tana kumbura da damina har ta ƙi buɗuwa. Ɗigon man keken ɗinki a mahaɗa, a shafa kaɗan a kaifi, a sa a kwali da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi. Kada ta kwana cikin kube na fata, fata na riƙe laima. Ta ajiya ba a wasa ta ko sau ɗaya, ta aiki kuma a dutse, karkata kamar digiri 20 kowane gefe. A filin jirgin Nnamdi Azikiwe kada ka bar ta a jakar hannu.

Malam_Garba:
Na manta: in ka saya da niyyar sayarwa, kayan kasuwanci ne, ka tambayi malamai hukuncin zakkarsu. Agogon zinare kuma, in za ka saya, ka san namiji ba ya ɗaurawa.