Zagayen jira a cikin hazo: muhawarar da ta tashi a zaure

Ɗalibi daga Mabera: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da abin da na ji wasu fasinjoji suna faɗi a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, wai matuƙin da ke kewaye gari a cikin hazo ɓata ya yi. Wannan zagayen jira ne, wato kewayen da jirgi ke yi a sama kafin a ba shi izinin sauka, kuma yana cikin darussan da suka fi ba mu wuya. Ana juyawa dama sai in an ba da umarnin hagu, digiri 3 a kowace daƙiƙa har a cika 180 cikin minti ɗaya, sannan a miƙe na minti ɗaya idan ba a haura ƙafa 14,000 ba. Malaminmu kan sa mana tabarau mai toshe ganin waje, don idonmu ya saba da allon na'urorin jirgi. Shawarata ga ɗalibai 'yan'uwana ita ce ku dogara ga na'urorinku, kada ku saurari jikinku.

Alhaji daga Runjin Sambo: Ɗana, ka gyara harshenka. Ga Allah kaɗai ake dogara, ba ga ƙarfen da ɗan'adam ya ƙera ba.

Yaya daga Arkilla: Ranka shi daɗe, ba abin da yaron yake nufi ba ke nan. Akwai ruwa a can cikin kunne wanda ke sanar da mutum ko ya karkata, kuma idan jirgi ya daɗe yana juyawa a hankali ruwan kan lafa, sai matuƙi ya ji kamar a miƙe yake alhali fiffike ɗaya ya sunkuya.

Alhaji: Ban musanta zancen kunne ba, kalmar ce ban yarda da ita ba.

Malam daga Gawon Nama: Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, domin an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Sai dai da ya ce "ku yi aiki da na'urorinku", da babu mai tanka masa.

Tsohon injiniyan jirgi: Allah shi gafarta Malam, ko a wajen aiki kalmar ba ta zauna ba. Na'urar da ke nuna karkatar jirgi tana iya mutuwa a hankali ba tare da ta nuna alama ba, shi ya sa ake gwama ta da ta tsayi da ta gudu da kamfas. Duk wanda ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya san wannan.

Yaya: To, mu da ƙannenmu suka yi karatu a Afirka ta Kudu, ba su sani ba ke nan?

Injiniya: Ban ce haka ba, amma wanda bai tashi cikin hazon Janairu ba, bai kamata ya yi mana bayanin hazo ba.

Yaya: Gajimare ma yana rufe ido, kuma kunne bai san bambancinsu ba.

Ɗalibi: Don Allah iyayena, mu koma kan batu. Akwai hanyoyi uku na shiga zagayen, kuma gyaran da aka yi saboda iska a hanyar dawowa ana ninka shi uku a hanyar fita.

Alhaji: Sai ka janye kalmar tukuna.

Shugaban zaure: Na bi zancen tun farko. An tabbatar cewa kalmar dogaro ba ta dace ba, kamar yadda Baba Alhaji ya nuna, injiniya kuma ya ƙarfafa shi da hujjar aiki, kuma an ga horon Zariya ya fi dacewa da yanayinmu. Maganar kunne za a iya kawo ta wani lokaci. Ɗalibi ya gyara saƙonsa kafin sallar isha'i.