Neman Kalma: Keken da Ake Gangarowa da Shi Daga Tsaunukan Alps

Mai Shirya Tafiya: Salamu alaikum jama'a. Ana rubuta takardar bayani da Hausa don masu son zuwa Morzine da Les Gets a Faransa, su yi mako guda suna tuƙa keke a tsaunukan Alps tare da jagora, kuma karonsu na farko ke nan. Sunaye uku sun tsaya mana: na keken kansa, wanda Turawan Ingila ke kira mountain bike, da na hanyoyin da ake bi, da na sirdin nan mai sauka idan an danna maɓalli. An kawo "keken hawan dutse". Ya kuka gani?

Mai Gyaran Keke: Wa alaikumus salam Hajiya. "Hawan dutse" zai ɓatar da mutum, don a Morzine gangara ake zuwa yi. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba ana kunna injinan da ke ɗaukar masu wasan ƙanƙara lokacin sanyi, su kai mutum da kekensa sama, shi kuwa sauka ce aikinsa. Wanda ya karanta "hawa" zai taho da keke marar nauyi mai shokazoba da ke nutsawa milimita 100, alhali wurin na son milimita 160 zuwa 200, da faifan birki mai faɗin milimita 200. Ƙaramin faifai yana ɗaukar zafi a doguwar gangara har birkin ya daina kamawa. Kuma ba cinya ke fara gajiya ba, damtse ne da yatsu.

Ɗan Maraɗi: A can VTT za ku gani a allon shagunan haya, ma'anarsa keken kowace irin ƙasa. Me zai hana mu ce "keken kowace hanya"? A dai sa haruffan nan uku a takardar, don da su za a tambaya.

Malamin Hausa: Ɗan'uwa, wannan ya yi faɗi, har keken mai tallan burodi zai shiga ciki. "Dutse" kuma yana ɗaukar dutsen niƙa da tsakuwa da fa. "Tsauni" ba ya ruɗa kowa. A ce keken tsauni ga dangin duka, sannan keken gangara ga mai nauyin nan da ba a iya hawa tudu da shi. Hanyar kuma turba ce, tunda mutum ɗaya take ɗauka. Na ji ana cewa burtali, amma burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, da shinge hagu da dama.

Mai Gyaran Keke: Turba ta zauna, Malam. A rubuta cewa launi ke nuna wuyarta: kore mai sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Sabon zuwa ya yi kwana biyun farko a kore da shuɗi ko da ya ƙware a gida, domin shuɗin can ya fi tsawo da tsini, kuma bayan ruwan sama saiwoyin itatuwa santsi suke kamar sabulu. Les Gets ta karɓi gasar duniya a 2004 da 2022, to baƙar turbarta ba wurin gwaji ba ce.

Abin da ya fi kada baƙo a ranar farko birki ne. A Faransa na gaba yana hannun hagu. Wanda ya saba da babur, hannunsa na dama ya san birkin gaba. Idan ya ruɗe ya damƙe na hagu yana zaton na baya ne, ta saman kan keken zai wuntsila. A gaya wa shagon haya tun wajen kama keken su juya birkin, aikin 'yan mintoci ne. A kuma sa su daidaita iskar shokazoba da nauyin mutum, ta yadda in ya hau za ta nutsa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.

Mai Shirya Tafiya: To mai tafiya da su fa, jagora ko koci?

Ɗan Maraɗi: A bar su biyu Hajiya, don aikinsu daban. Jagora yana zaɓar turba yana gaba, koci yana tsayar da mutum ya koya masa kwana da taka birki. Mai zuwan farko ya tambayi kamfanin ko akwai koyarwa a ciki, da mutum nawa ke bin jagora ɗaya. Shida zuwa takwas ya yi. In sun wuce haka, na baya jira zai yi ta sa mutane. Dokar Faransa ba ta yarda a yi jagora don kuɗi ba sai da takardar shaida, to a nemi ganinta. Inshora ma a karanta ta da kyau: bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, na neman ta yuro 30,000, amma da yawa cikin irin wannan inshorar ba ta biyan raunin gangara da keke ko ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu.

Malamin Hausa: Sirdin nan kuwa, an ce "mai nutso", an ce "mai durƙuso". Nutso na ruwa ne, durƙuso na raƙumi. Sirdi mai sauka ya wadatar.

Mai Gyaran Keke: Na yarda. Amfaninsa a sauke shi kafin gangara don mutum ya samu damar ja da jikinsa baya. Keken gangara na ainihi ba shi da shi ma, sirdinsa a ƙasa yake dama. Wanda zai tafi da nasa keken ta filin jirgin saman Geneva da ke Switzerland, ya auna jakar, don kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke tsayawa, wasu 32. Keke mai batir ba ya shiga jirgi, ƙarfin batirinsa ya haura iyakar wat-awa 160 da ake yarda da ita a jirgi nesa ba kusa ba, sai dai haya. A ɗauki robar birki ninki biyu, irin mai haɗin ƙarfe don ta fi jure zafi, da ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa. An yi shi ne ya lanƙwashe kafin firam ya fashe, kuma ba duk kekuna ke da iri ɗaya ba, ba lallai a samu a shago ba. Masu gyara "hanga" suke cewa.

Malamin Hausa: A rubuta "maratayin giya", a sa "hanga" kusa da shi har mutane su saba.

Mai Shirya Tafiya: Na rubuta, Allah ya saka da alheri. Saura sunan injin da ke kai mutane sama, don iri biyu ne a can: mai kujera a buɗe da mai ɗaki a rufe.