Gidan ƙasar da mahaifinmu ya bari: in gyara ko in rushe?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka mini, kaina ya ɗaure. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya bar gida a ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Ginin ƙasa ne tun na kakanmu: zaure mai bakan gizo, shigifa, soraye uku, sai rumbuna a baya da garken da yanzu ko akuya babu. Ni ne babba a maza, ina aiki a Kaduna. A zauren nan marigayi yake karantar da almajirai, har yau baƙin hayaƙin wutar kara yana jikin azara, kuma a dakalin ƙofar gidan aka ɗaura auren duk yayyena mata. Inna tana ciki. Mun taɓa kawo ta birni ta kasa zama, wai ba ta san kowa ba kuma ruwan famfo ba ya kashe mata ƙishi.

Da damunar bana indararon soron gabas ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, bango ya tsage. So nake gidan ya zauna da kamanninsa, da zankwayensa da komai, amma in shafe shi da siminti, in ɗora kwano, in sa tayil a ɗakin Inna, zaure kuma in ƙawata shi da tabarmi da fayafai da ƙore. Siminti da kwano na riga na saya. Uwargida ta ce asarar kuɗi ce, a rushe a yi na bulo. Baffa ya ce kada wanda ya taɓa zaure. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, wannan aikina ne, ka saurare ni. Maganar iyalinka ita ce gaskiya. Tsofaffin gidajen nan yawanci ba su da tushe mai zurfi, laima daga ƙasa take cin su, gara kuma tana nan tana aikinta a ɓoye. Ginin ƙasa ɗan reno ne, duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Kana Kaduna, wa zai yi? Ka rushe, ka zuba tushe na kankare, ka yi ɗaki uku na bulo, in kana son zankwaye a yi maka su da siminti. Shi ke nan ka huta.

Jikan magina: Yallaɓai injiniya, a yi mini afuwa, amma ban yarda ba. Ɗan'uwa, abu ɗaya nake roƙonka: kada simintin nan ya hau bangon. Ƙasa tana shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa sai ya kulle ta a ciki. Ba sa kama juna. Bayan damuna biyu ko uku za ka ƙwanƙwasa ka ji kogo, sannan ya ɓalle da fallen bango gaba ɗaya, kuma ba za ka san ɓarnar da ake yi ba sai ta yi nisa. Abin da ake yi shi ne a fara duba azara, wadda ta ruɓe a canza, a gyara gangaren rufi, a sa indararo mai tsawo yadda ruwa ba zai zuba a gindin bango ba. Tsagewar a cike ta da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta kwana ta ruɓa. Daga nan a yi yaɓe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Rufi kuma laso ake yi masa, da katsin marina, wato lakar da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, da gashin akuya da dafara, wani tsiro mai danƙo. Masallacin Juma'a na Zariya fa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da tubali da azara tun shekarun 1830, bakan gizonsa na nan tsaye.

Injiniya: Masallacin da ka ambata ai daga baya sai da aka lulluɓe shi da ginin zamani. Me ya sa? Kuma ina marinar da za a samo katsin yanzu? Ka faɗa masa.

Mai neman shawara: Na gode. Amma simintin nan fa ba da ka na saya ba. Maƙwabcinmu ya shafa wa nasa gidan kuma ina ganinsa lafiya lau.

Uwar biyu: Ni dai tayil ɗin nan ne ya tsaya mini. Tsohuwa mai alwala a bakin ƙofa ka sa mata tayil? Santsi zai kayar da ita. A bar mata daɓenta ko a yi siminti mai kaushi a shimfiɗa leda. Kuma kun tambaye ta kuwa? Haka yayyenmu suka yi wa mahaifiyarmu, wai gyara. Suka kwashe gadonta mai rumfa, da jeren tasoshi da fantekokin da ta tara tun na aurenta, suka jibge a rumbu, suka kawo kujerun da ko zama ba ta iya yi a kai. Mu mata ba wanda ya nemi shawararmu, amma da kuɗin fenti ya yanke mu aka fara kira. Har ta rasu tana cigiyar wata kwalla ja. Allah ya isa dai ban ce ba.

Ɗan Agadas: Ku zo nan ku ga gini. Hasumiyar masallacinmu ta kai mita 27, ƙasa ce zalla, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Ɗakin ƙasa da zafi sanyi, da hunturu ɗumi. Ka ɗora kwano, watan Afrilu Inna ba za ta iya barcin rana a ciki ba.

Injiniya: Agadas ruwan shekara bai kai milimita 200 ba, Zariya kuwa kusan 1,000 ne. Ba a haɗa su. Ni na faɗa, ya rushe.

Direban tifa: Ko bulo ko ƙasa, ka tsaya a kan kayanka. Ni na ba wani magini kuɗin gyaran soron gyatumata, ya cire rufi ya tafi bikin ƙanwarsa, ruwan farko ya same mu a haka. Wai har yanzu ni yake bi bashi.

Malamin islamiyya: Ɗana, akwai abin da ba ka faɗa ba. An raba gado? Ka ce ginin tun na kakanku ne, ke nan wataƙila baffanka yana da haƙƙi a ciki, ba ra'ayi kawai yake bayarwa ba. Ga yayyenka mata, ga tumunin mahaifiyarka. Kada ka zuba dukiya a abin da ba a tantance na wane ne ba.

Mai neman shawara: Allah ya gafarta Malam, mu gidanmu ba a irin wannan rigimar. Ni nake ɗauke da hidimar kowa, ba wanda zai ce don me. Kuma Hajiya, tayil ɗin marar santsi ne, Inna kuwa duk abin da na yi ba ta musu. Maganar makuba na ji, amma ba zan bar kaya su daskare a shago ba. Ina ganin zan shafa simintin daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sama kuma a yi yaɓe.

Jikan magina: Ai nan ƙasan ne ya fi illa, don nan laimar take taruwa.

Injiniya: Ka ji ko? Ko shi bai yarda da dabararka ba. Ka turo hoton tsagewar mu gani, a tsaye take ko a karkace?

Mai neman shawara: Ba ni da hoto, ƙanena ne ya faɗa mini ta waya. Ranar Asabar dai mota za ta kai kayan. Akwai wanda ya san inda ake samun azara mai kyau tsakanin Zariya da Funtuwa?

Direban tifa: In ka fasa kwanon ina so, bandir nawa ne?